Ta rufe jikinta, to me take yi a cikin labarin?

Idan uwa ko uba a wajenmu ya leƙa wayar yaro ya tarar yana kallon anime, wato finafinan zane na Japan, ko yana buga gem, abin da yake fara dubawa shi ne shigar matan da ke ciki. In babu tsiraici sai hankali ya kwanta, a miƙa wa yaro wayarsa. Ban raina wannan dubawa ba, domin akwai abin da ya wajaba a kawar da idon yaro daga kansa, kuma waɗannan masana'antu cike suke da shi. Sai dai akwai wani darasi game da mace da yaro ke kwasa wanda babu ruwansa da tsawon riga, kuma shi ya fi zama a zuciya, tunda ba wanda ya taɓa ce wa yaron ya yi hattara da shi.

A ɗauki Gimbiya Peach ta wasannin Mario. Rigarta har ƙasa, ga safar hannu, ga kambi, babu iyayen da za su ga aibunta. A wasan Super Mario Bros. na 1985, wanda kamfanin Nintendo na Japan ya sayar da fiye da kwafi miliyan 40, aikinta guda ne: a sace ta, ta zauna jira. Mai wasa zai ratsa duniyoyi takwas, a ƙarshen bakwai na farko a shaida masa cewa gimbiyar tana wata fadar, a ta takwas ya same ta, ta yi godiya, wasa ya ƙare. Kafin ita, a Donkey Kong na 1981, goggon biri ne ya ɗauke wata budurwa da daga baya aka raɗa wa suna Pauline, ya haye saman gini da ita tana ihun neman agaji.

A yi wa masu ƙera wasannin adalci. Na'urorin wancan zamani ba su da ƙarfin ɗaukar dogon labari, kuma Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro Donkey Kong da Mario, da abokan aikinsa suna buƙatar dalilin da mai wasa zai gane nan take ba tare da an yi masa bayani ba. An sace mace, je ka ceto ta: kowace al'umma ta san wannan daga tatsuniyoyinta. Uzurin ya karɓu a 1981. Amma na'ura ta yi ta girma, labarin yana nan inda yake, har a Super Mario Odyssey na 2017 dodon nan Bowser ya sake sace Peach don ya aure ta dole. Lokacin da aka ba ta wasanta na kanta a 2005, Super Princess Peach, manyan makamanta bayan wata laima su ne fushi da kuka da murna da natsuwa. Mai wasa yana danna maɓalli ne ta fashe da kuka, hawayen su shayar da tsiro ya girma. Wanda ya tsara wannan ya faɗi ra'ayinsa game da mata ba tare da ya rubuta ko kalma ɗaya ba.

A littattafan labaran zane na Amurka abin ya fi muni, kuma a nan ne aka fi ganin yadda dabarar ke aiki. A 1994, a fitowa ta 54 ta Green Lantern, jarumi Kyle Rayner ya dawo gida ya tarar abokin gaba ya kashe budurwarsa Alexandra DeWitt ya cusa gawarta cikin firji. A 1999 wata mai karanta irin waɗannan littattafai, Gail Simone, ta zauna ta jera a intanet sunayen matan da aka kashe, ko aka naƙasa, ko aka raba su da ƙarfinsu a cikin labaran. Jerin ya yi tsawo har marubutan da kansu suka shiga ba da amsa, ita kuma daga baya ta zama ɗaya daga cikin fitattun marubutan kamfanin DC, mai buga labaran Green Lantern da Batman. Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Barbara Gordon, jarumar da aka sani da Batgirl. A littafin The Killing Joke na 1988, Joker, babban abokin gabar jarumi Batman, ya harbe ta a ƙofar gida ta rasa amfanin ƙafafunta, ba don wani abu da ta yi masa ba, sai don ya haukatar da mahaifinta. Daga nan labarin ya bi mahaifin, ya bi Batman, ya bi Joker. Ita wadda harsashi ya shiga jikinta an bar ta a gadon asibiti.

Ba mutuwar mace a labari nake ƙi ba. Mutane na mutuwa, maza da mata, labarin da ba a rasa kowa a cikinsa ba kuwa ba ya riƙe zuciya. Abin da nake ƙi shi ne mayar da ciwon mace itacen hura wutar fushin jarumi, ta yadda da zarar wutar ta kama ba a sake waiwayar ta. Kuma zaɓi ne marubuci ke yi, ba dole ba ce. Shaidar haka ita ce a 1989 wasu marubuta biyu, Kim Yale da John Ostrander, sun ɗauko wannan Barbara ɗin a keken guragu suka mayar da ita Oracle, gwanar kwamfuta da tattara bayanai wadda manyan jarumai ke dogaro da ita. Raunin bai canza ba. An dai tambayi abin da ita za ta yi da rayuwarta bayansa.

Yanzu a zo kan anime, wanda shi yaranmu suka fi kallo a waya. Demon Slayer labari ne mai daɗi, kuma akwai abin yabo a cikinsa: yaro da aka kashe masa dangi ya ƙi yar da ƙanwarsa ko da ta rikiɗe ta zama aljana. Wannan zumunci ne, kuma ina son yaro ya ga irinsa. Amma a dubi ƙanwar, Nezuko. Yawancin lokaci jikinta a rufe yake, sai dai an sa mata guntun gora a baki, ana goya ta cikin akwati, kuma kusan duk tsawon labarin ba ta furta kalma. Tana da ƙarfi, takan fito ta yi faɗa in an matsa wa yayanta, sannan ta koma akwati. Mafi yawan babban yaƙin ƙarshe ma ya wuce tana kwance. Marubucin ya ba da dalilin gora da akwatin a cikin labarin, na sani, amma ai shi ya ƙirƙiro dalilin. A Dragon Ball kuwa, Chi-Chi ta shiga gasar faɗa ta duniya har ta kara da Goku, jarumin labarin, tana aurensa aka mayar da ita matar da ba ta da aiki sai masifa a kan karatun ɗanta. Videl ma ta fara a matsayin mai kama 'yan fashi, ta auri Gohan, ɗan Goku da Chi-Chi, ta koma gefe.

Na san wani zai ce to mene ne laifin mace ta yi aure ta zauna ta kula da gida, ko kuwa wannan ma wata aƙidar Turawa ce ake son shigo mana da ita. Babu laifi ko kaɗan. Laifin na marubucin da ya ɗauka cewa ranar da mace ta shiga ɗaki ranar ce tunaninta ya ƙare. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san matar da ba ta cika fita ba amma ita ke riƙe da adashin unguwa, da sana'arta ake biyan kuɗin makaranta, kuma ba a ɗaura aure ko a raba rigima a dangi ba a ji ta bakinta ba. Waɗannan labaran na Japan da Amurka sun ba mace ƙasa da abin da yaro ke gani da idonsa a tsakar gidansu, kuma sa'o'in da yake yi da wayar ba kaɗan ba ne.

Akwai gyaran da masana'antar ta daɗe tana yi wanda ba gyara ba ne, kuma a nan iyayenmu suke da gaskiya. A ba mace bindiga, a rage mata tufa. Metroid na 1986 ya ba mutane mamaki da aka gano a ƙarshe cewa jarumin da ke cikin sulke, Samus Aran, mace ce. Amma an tsara wasan ta yadda gwargwadon saurin da ka gama, gwargwadon tufar da za a cire mata a hoton ƙarshe. Lara Croft ta Tomb Raider, wadda aka ƙera a Ingila a 1996, ta shafe shekaru ana tallata surar jikinta fiye da wayonta. Wadda ke jira a fada da wadda ake tuɓe wa sulke duk lada ne da aka tanadar wa namijin da ke riƙe da na'urar.

Hujjar da kamfanoni suka fi fakewa da ita ita ce kasuwa. Mujallar Weekly Shonen Jump, inda Dragon Ball da Naruto da Demon Slayer suka fito, tun kafa ta a 1968 don yara maza ake buga ta, saboda haka a cewarsu abin da maza ke so ake ba su. Ni a wurina wannan ya ƙara musu nauyi ne, domin yaron da zai girma ya zama miji da uba shi ya fi buƙatar ganin mace mai ra'ayin kanta. Batun cewa labarin yarinya ba ya kawo kuɗi kuma, Japan da kanta ta ƙaryata shi. Spirited Away na Hayao Miyazaki, wanda ya fito a 2001, labarin Chihiro ne, 'yar shekara goma, ba ta da takobi ba ta da sihiri, da aiki tuƙuru da riƙon alkawari ta ceto iyayenta. Ya ci kyautar Oscar a 2003, kuma ya riƙe matsayin fim ɗin da ya fi kowane samun kuɗi a Japan har shekara 19, sai a 2020 fim ɗin Demon Slayer ya karɓe shi.

Nintendo ma ya motsa, ko da yake a makare. Jerin The Legend of Zelda ya fara a 1986 da sunan gimbiya a jikin kwali, amma saurayi Link ake bugawa. Sai a 2024, bayan shekara 38, aka fitar da Echoes of Wisdom inda Zelda ce jarumar babban wasa a jerin, ita ke neman Link, kuma ɗaya daga cikin daraktocinsa, Tomomi Sano, ita ce mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami a jerin. Wasu masu wasa sun yi ƙorafin cewa ba a ba Zelda takobi sai na ɗan lokaci ba, an ba ta sanda ce da take kwaikwayon abubuwa da ita, tebur ko gado ko dodon da ta taɓa cin galaba a kansa, ta warware matsala da su. Ban bi bayan wannan ƙorafi ba. Da an miƙa mata takobin Link kawai, da Link aka sake yi da doguwar riga. Abin da aka yi ya tilasta wa mai wasa, yaro ne ko yarinya, ya shafe sa'o'i yana tunani da kan Zelda, yana neman dabarar da ita za ta fitar.