Harajin kuɗin goro a kan motocin lantarki ba adalci ba ne

Tun daga watan Satumba na 2023 jihar Texas ta Amurka take karɓar dala 200 duk shekara daga hannun mai motar lantarki, sabuwar mota kuwa dala 400 ce a rajistar farko. Jihohi da dama ma suna karɓar irin wannan kuɗi, kowace da nata adadin. Hujjarsu ɗaya ce: da harajin mai ake gyara hanya, wannan mota ba ta shan mai, saboda haka sai a tare mai ita a wajen sabunta takardu. Farkon maganar gaskiya ne. Ƙarshenta kuwa lalaci ne aka sa masa rigar adalci.

A yi lissafin a gani. Harajin jihar Texas a kan galan ɗin fetur santi 20 ne, kuma tun 1991 ba a taɓa shi ba. Mutumin da ke yin mil 12,000 a shekara da motar da ke cin mil 25 a galan ɗaya zai sha galan 480, ya biya wa jihar dala 96. Kafin ya kai dala 200 sai ya ƙona galan 1,000, wato tafiyar mil 25,000. Ke nan an ɗora wa mai motar lantarki ninki biyu na abin da maƙwabcinsa ke biya, sannan a ce wai so ake kowa ya biya rabonsa.

Kuma ba nan matsalar ta tsaya ba. Harajin mai, duk da tsufansa, yana da wata hikima: wanda ya fi yawo shi ya fi biya, mai babbar mota ma haka. Kuɗin shekara ya rushe wannan. Dattijuwar da ba ta wuce kasuwa da asibiti da ɗan tasin da ke kwana a kan titi, kuɗinsu ɗaya. Idan ta yi mil 3,000, kowane mil ya tsaya mata kusan santi 7. Shi da ya yi mil 40,000, rabin santi ya biya. Wa aka tallafa wa a nan?

Masu cewa a bar motocin lantarki haka nan saboda ba sa hayaƙi, ai kwalta ba ta san hayaƙi ba, taya ta sani. Masu son a sa harajin a wajen caji kuma sun manta cewa yawancin masu motar a gida suke jona ta da daddare, mitar gida kuwa ba ta bambance mota da firji.

Akwai kuma waɗanda suka riƙe batun nauyi, wai batir ya sa motar ta yi nauyi, ita ce ke farfasa titi. Injiniyoyi sun daɗe da amsa wannan. Gwajin hanya da aka yi a Ottawa ta jihar Illinois tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa ɓarnar da aksul (ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama) ke yi wa titi ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinsa, tsalle take yi: idan nauyi ya ninka biyu, ɓarna ta kai kusan ninki 16. A bi wannan ƙa'ida. Aksul mai ɗauke da tan 1 a ƙaramar mota, a ƙara masa kashi 30 cikin ɗari saboda batir, ɓarnarsa ba ta kai ninki 3 ba. Aksul ɗin tirela mai tan 10 kuwa ninki 10,000 ne. Duk wanda ya ga yadda kwalta ke lotsawa ta yi kwari biyu a layin da manyan motoci ke bi, ya san ba ƙananan motoci ne suka yi aikin ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Gaskiyar da 'yan majalisa ke gudu ita ce asusun hanya ya rame tun kafin motar lantarki ta yi yawa. Harajin tarayyar Amurka a kan fetur santi 18.4 ne a galan tun 1993. Siminti, ƙarfe, kwalta da albashin ma'aikata duk sun tashi, injinan motoci sun rage shan mai, harajin yana nan inda aka bar shi. Ƙara shi na iya cin kujerar ɗan siyasa, amma ɗora wa 'yan tsiraru kuɗin shekara ba ya tayar da ƙura. Shi ya sa aka zaɓi na biyun.

Alhali hanyar da ta dace ba ɓoyayyiya ba ce. New Zealand ta daɗe tana cajin motocin dizal bisa nisan tafiya da nauyi, kuma daga 1 ga Afrilun 2024 ta shigar da ƙananan motocin lantarki cikin tsarin: dalar ƙasar 76 a kan kowane kilomita 1,000, ana saye kafin a yi tafiyar. Iceland ta fara nata a Janairun 2024, krona 6 a kilomita. Jihar Oregon ta Amurka ma tana da irinsa tun 2015 ga wanda ya ga dama.

Tsarin yana da nasa ciwon kai, babu musu. Akwai masu juya mitar nisan tafiyar mota baya, akwai rigimar tafiyar da aka yi a wata jiha, mutane kuma ba sa son na'urar da za ta riƙa faɗa wa gwamnati inda suka kwana. Jihar Victoria ta Ostireliya ta fara nata a 2021, babbar kotun ƙasar ta soke shi a 2023 saboda jiha ba ta da hurumin sa irin wannan haraji. Duk waɗannan ana iya magance su: a karanta mita lokacin duba lafiyar mota, a tsananta hukunci a kan mai taɓa ta, a bar na'urar bin sawu ga wanda ya nema, a kuma rubuta dokar a matakin da ke da ikon yin ta.

Sharaɗin kawai shi ne ma'aunin ya hau kan kowa, mai fetur da mai batir, a rage harajin mai gwargwadon abin da aka karɓa a kilomita, farashin kuma ya riƙa hawa da nauyin aksul. Masu tireloli za su yi ihu, domin za a miƙa musu takardar kuɗin ramukan da suka haƙa.