Kujerar sanatan Abuja: ƙuri'a tana inda aka yi rajista

Masu cewa guguwar Peter Obi ce kawai ta kayar da Philip Aduda a zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 sun faɗi rabin magana. Gaskiya ne a zaɓen shugaban ƙasa Obi na LP ya samu ƙuri'a 281,717 a Babban Birnin Tarayya, Bola Tinubu 90,902, Atiku Abubakar kuma 74,194, kuma wannan farin jinin ya taimaki Ireti Kingibe ta LP har ta ninka Aduda na PDP, mutumin da ya riƙe kujerar tun 2011. Amma guguwa ba ta ɗaukar wanda ba shi da katin zaɓe. Abin da ya yanke hukunci shi ne inda sunayen masu zaɓe suka taru.

Abuja tana da ƙananan hukumomi shida: AMAC (ta cikin birnin Abuja), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Masu rajista sun haura miliyan ɗaya da rabi, kusan rabinsu kuwa a AMAC suke. Idan aka haɗa da Bwari, inda Kubwa da Dutse suke, an gama lissafi. Ɗan takara zai iya lashe Abaji da Kwali tas, ya wayi gari ƙuri'un Lugbe da Nyanya da Karu sun shanye ratar. Shekara da shekaru 'yan asalin yankin, Gbagyi da Gade da Gwandara da Bassa da sauransu, su ne ke fitowa, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa na zaune a gida. A 2023 mazauna unguwannin cikin gari suka fito, lissafin ya juye. Haka Joshua Obika na LP ya ɗauke kujerar AMAC da Bwari a majalisar wakilai, alhali ɗaya kujerar ta kudancin Abuja ta tafi ga APC.

A nan ne Hausawa mazauna birnin ke cutar kansu. Je ka kasuwar Wuse ko Dei-Dei ko Zuba ana saura kwana uku zaɓe, za ka tarar da rumfuna a kulle, tasha cike da masu haramar Kano da Katsina da Zamfara, domin can katinsu yake. Mutum ya shekara ashirin yana biyan kuɗin rumfa a AMAC, amma ba shi da ta cewa kan wanda zai wakilce shi ranar da aka zo da maganar rusau. Gyaran ba shi da wuya: lokacin da INEC ta buɗe rajista, a nemi sauya wurin zaɓe zuwa mazaɓar da ake zaune, sannan a koma a karɓi sabon kati. Wajen karɓar katin ne akasari ake sakaci. Wanda kuma yake kwana a Mararaba ko Masaka ya sani Nasarawa yake, na Suleja kuma Neja.

Su ma jam'iyyu suna da nasu aikin. A 2021 INEC ta ƙara rumfunan zaɓen birnin suka kai 2,822 a mazaɓu 62, aka mayar da sunayen wasu mutane sababbin rumfuna. Wanda bai duba tasa ba tun da wuri, ranar zaɓe sai ya yi ta yawo har a rufe layi. Ɗan takarar da bai tsayar da wakili a kowace rumfa ya sa hannu a takardar sakamakon rumfa ta EC8A ya karɓi kwafinsa ba, in ya je kotu ba shi da abin nunawa.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne ƙarancin kujerun. Birnin ba shi da gwamna, ba shi da majalisar jiha, Majalisar Tarayya ce ke yi masa doka, ministansa kuma shugaban ƙasa ne ke naɗawa. Duk da haka sanata ɗaya ne da 'yan majalisar wakilai biyu cikin 360. Da kujeru uku kacal, duk nasarar da baƙi suka samu 'yan asali za su ɗauke ta asara ce, haka ma akasin hakan. Sashe na 73 na tsarin mulki ya ba INEC ikon sake duba iyakokin mazaɓu, kuma tun 1999 ba a taɓa na Abuja ba. Raba AMAC da Bwari gida biyu na nufin wata jiha ta rasa kujera ko a gyara tsarin mulki, saboda haka duk mai neman sanatan Abuja a 2027 ya kamata a tambaye shi wanne daga ciki zai bi.