Ƙannena masu koyon malantar wasanni, hoto ba aiki ba ne

Ranar Laraba na bi ta wata firamare a Garwa ta Kamaru, na tarar da samari uku masu koyon aikin malamin EPS, wato darasin motsa jiki da wasanni, an turo su sitaj, wato gwajin aiki, su yi wa yaran unguwa hidima. Yara na tsaye cikin rana, su kuwa suna gindin dalbejiya, kowa ya duƙufa kan waya. Sai dab da tashi ɗaya ya hura usur, ya jera yaran, aka ɗauki hoto, aka nufi ofishin darakta neman sa hannu. Wai an yi aiki ke nan.

Haba ƙannena! Wa kuke cuta? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da hannunka ya saba a sitaj, shi za ka yi har ka yi ritaya. Wanda ya zauna da yara da gaske, ya koyi raba aji mai cunkoso gida huɗu da ƙwallo ɗaya, ya san yadda zai sa gurgu cikin wasa ba ya bar shi gadin takalma ba, ya iya lallashin uban da ya hana 'yarsa gudu, wannan ko Minawao aka tura shi cikin 'yan gudun hijira ba zai ruɗe ba. Mai hoto fa? Shi ne gobe zai wurga wa yara ƙwallo ya koma inuwa, sai jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare ta matso ya tuna akwai tsalle da gudu.

Kun ce zafi. Gaskiya ne, zafin Garwa a Afrilu yakan haura digiri 40. To yaran da kuka shanya fa, jikinsu ƙarfe ne? Kuma wayar nan, mun sani, rabinku cacar ƙwallo kuke bugawa. Sunayen 'yan wasan Ingila duk suna kanku, na yaro ɗaya a ajinku babu.

Ku ji tsoron Allah ku gyara. CENAJES, makarantar horar da malaman wasanni, na garin nan, ga filin Roumdé Adjia da ya ga gasar Afirka a 2022, amma hoto kuke bi. Malamanmu na da ba su ga ko rabin wannan ba. Da toka suke zana layi, ƙwallon tsumma muke bugawa, in yaro bai zo ba har gida ake bin sawunsa. Yau wa zai bi?