Ƙanena direban a-kori-kura, kada ka toshe wa motarka baki

Assalamu alaikum ƙannena da 'ya'yana masu riƙe da sitiyari, musamman ku da aka damƙa wa Hilux da sauran a-kori-kura, ko ta kamfani ce, ko ta gona, ko ta wani alhaji mai kwangila.

Kwanakin baya wani yaro ya rage min hanya daga Zariya zuwa Funtuwa a Hilux ɗin maigidansa, mai shan gas. Yaro ne mai ladabi, hannunsa kuma ya faɗa da tuƙi, ba ya fizgar giya. Mun ɗan wuce Giwa sai idona ya kai kan allon da ke bayan sitiyari, wajen maleji, na ga an manna guntun baƙin salatif a gefe guda. Na ce, "Ɗana, wannan fa?" Ya ce, "Baba, wata 'yar fitila ce ta ƙi mutuwa, da daddare tana kashe min ido." Na ce ya gangara gefen titi ya ɓare mu gani. Fitilar da ke nuna ruwa ya taru a filtar gas ce, kuma kusan mako biyu ke nan tana ci. Muka buɗe bonet, muka sassauta makunnin da ke gindin filtar, muka tara yankakkiyar gora. Abin da ya fara zubowa ruwa ne mai laka-laka, ya kwanta a ƙasan gorar, gas ɗin yana yawo a samansa. Yaron ya tsaya yana kallo bai ce komai ba. Da ruwan nan ya wuce zuwa famfo da nozul, kuɗin gyaran sai ya cinye albashinsa na wata da watanni, kuma shi za a ce ya kashe mota.

Ban yi masa faɗa ba, don na san ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa. Yawancinku a tasha ko a gareji kuka koyi mota: kuloci, giya, birki, ribas, shi ke nan an ce kun iya. Allon nan kuwa ba a duba komai a cikinsa sai gejin mai. Alhali nan ne bakin mota. Ba ta da wata hanyar gaya maka ciwonta da wuri sai ta nan, in kuwa ka bari har kunnenka ya ji ƙara daga inji, galibi aikin gama ya gama.

Ka fara da wannan gobe da safe. In ka murɗa makulli, kada ka tayar nan take. Tsaya a inda fitilun allo duk suke kamawa, ka ƙirga su da ido. Motar tana gwada su ne, kuma in inji ya tashi ya kamata su mutu. Wadda ta ƙi mutuwa akwai magana. Wadda kuma ba ta kama ba tun farko, ita ma akwai magana, har ma ta fi ban tsoro, domin akwai masu sayar da mota da wasu makanikai marasa tsoron Allah da ke cire ƙwan fitilar ko su yanke wayarta don kada a ga aibu. In motar gas ce za ka ga wata alama kamar naɗaɗɗiyar waya. Tana ɗumama inji ne, ka jira ta mutu kafin ka tayar, musamman da sanyin hunturu.

Launin kansa karatu ne. Kore da shuɗi labari kawai suke ba ka, cewa sigina na aiki ko doguwar fitila na kunne. Ruwan ɗorawa na nufin a duba ba da jimawa ba. Ja kuwa ba ta da wata fassara sai ka tsaya.

Cikin jajayen, wadda nake so ka fi jin tsoro ita ce mai siffar 'yar buta da ɗigo a bakinta. Mutane suna ɗauka cewa take yi baƙin mai ya ragu, a ƙara in an isa gari. Ba haka ba ne. Cewa take yi man ba ya zagayawa da ƙarfin da zai raba ƙarfe da ƙarfe. Ni wannan fitilar ta taɓa koya min darasi mai tsada. Ina saurayi, na ɗauko kayan gona da yamma, ta kama saura 'yan kilomita in shiga gari. Na ce a raina bari in lallaɓa, ai ga gari nan. Ban kai ba. Sai na ji inji na ƙwanƙwasa kamar ana buga guduma a cikin tukunya, daga nan ya yi shiru. Motar ta yi wata biyu a gareji, mai ita kuma bai sake ba ni makulli ba, kuma gaskiyarsa ce. In ta kama, ka kauce gefe ka kashe inji a take, ka jira ɗan lokaci ka zaro sandar awon mai. Ko ka ga man ya cika, in fitilar ba ta mutu ba, kada ka motsa, a janyo motar.

Mai hoton batir ita ma ana yi mata gurguwar fahimta. Ba lalle batirin ne ya lalace ba. Na'urar caji ce ta daina ba shi wuta, kuma sau da yawa fambel ne ya tsinke. A injuna da yawa bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa, don haka da ka ga fitilar batir, maza ka kai ido kan allurar zafi, wadda ke tsakanin C da H. In ta doshi H, kashe esi, ka tsaya. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan ciki ya wuce tafasa, zai yi tsiri ya sale maka fuska da ƙirji. Kada kuma ka kwara wa inji ruwan sanyi. Ba shi lokaci ya huce.

Akwai ja mai alamar motsin rai a cikin da'ira. In birkin hannu a sauke yake amma tana ci, man birki ya yi ƙasa, kuma wanda ya ci gaba da tafiya a haka ransa da na mutane yake wasa da su. Wasu Hilux masu gas suna da wadda aka rubuta T-BELT, tana tuna maka lokacin canza bel ɗin taimin ya yi. A canza bel ɗin da gaske, kada a je a goge fitilar kawai, don in ya tsinke kana gudu, kan inji ne zai tafi.

Yanzu ga abin da ya fi jawo ɓarna a hannun samari, wato giyar ƙafa huɗu. A tsofaffin motoci 'yar gajeriyar sanda ce kusa da babbar giya, a yawancin Hilux ɗin da aka fara fitarwa daga 2015 kuwa ɗan makunni ne da ake murzawa. Rubutun iri ɗaya ne: H2, H4, L4. H2 na nufin tayoyin baya kaɗai ke tura mota, kuma nan ne mazauninta a kan kwalta. H4 na yashi ne da taɓo da hanyar burji mai santsi. L4 na tafiyar hawainiya ne mai ƙarfi, hawan dutse, fita daga kwari, ko janyo wata motar. Ba a shiga shi sai mota ta tsaya cak, an sa ta a firi ko an take kuloci. Na sha ganin yaro ya fito daga ƙauye ya hau kwalta ya manta da H4, ko ya bar shi da gangan wai mota ta fi kama ƙasa. Ka gane dalili. In za ka sha kwana, tayoyin gaba sun fi na baya yin doguwar tafiya. A H4 an ɗaure gaba da baya su juya tare. A cikin yashi tayar za ta ɗan zame ta huce, a busasshiyar kwalta kuwa ba inda za ta zame, sai ƙarfen ciki ya riƙa murɗewa. Shi ya sa za ka ji sitiyari ya yi tauri, mota na tirjewa a kwana, taya na cinyewa, wata rana kuma wani abu ya karye. Makunnin da ke kulle tayoyin baya su juya tare shi ma na lokacin da ka kafe ne kawai, a hankali, kana fita ka kashe shi.

Kuma ka riƙe wannan da kyau: ƙafa huɗu tana taimaka maka ka tafi, ba ta ƙara maka birki ko kaɗan. A-kori-kura doguwa ce, nauyinta na sama, bayanta kuma in ba kaya sakayau yake. Ruwan farkon damina in ya haɗu da ƙura da man da ya zuba a titi, ka taka totur da ƙarfi a kwana, sai ka ga bayan motar ya zo yana neman wuce gabanta. In ka fizgi sitiyari don kauce wa rami ko akuya kana gudu, inda ƙaramar mota za ta yi tangal-tangal ta daidaita, taka kifewa za ta yi. A gudun kilomita 100, kowace daƙiƙa ɗaya kana cin kusan mita 28. Ka sunkuya duba waya na daƙiƙa uku, ka wuce mita 80 ido a rufe. In kuma ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkuwa. In motarka mai ABS ce, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki, ka taka birki da ƙarfi ka ji yana kakkarwa a ƙafarka, aikinsa yake yi. Kada ka ɗaga, ka danne ka ci gaba da sarrafa sitiyari.

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo, ya kuma san abin da gangaren nan ya ci. A irin wannan wuri giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka. Masu sa mota a firi don su rage shan mai sun ɗora duk nauyin a kan birki, birki kuma in ya yi zafi sai ka taka ka ji babu kowa.

Maganar lodi ba zan tsawaita ba, kun sani. Irin waɗannan motoci abin da aka yi su su ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, kimanin buhu goma na masara mai kilo 100, kuma har da kai da duk wanda ke ciki a lissafin. Mai nauyi a sa shi gaba, kusa da kan mota, a ɗaure. Abin da ke sosa min rai shi ne jibga mutane a bodi ranar kasuwa ko ranar kai amarya, mata da goyo, yara a zaune a kan ƙarfen gefe ƙafa na lilo. Ba bel, ba rufi, ba abin riƙewa. Birki ɗaya ya isa. In sun roƙe ka, ka ba su haƙuri. Gara su ji haushinka a yau.

Kai ma da ke ciki, daina zagaya bel ta bayan kujera ka maƙale shi don ƙararrawa ta yi shiru. Jakar iskar da ke cikin sitiyari an yi ta ne ta yi aiki tare da bel, in babu shi ita kanta tana iya ji maka ciwo. Awon iskar taya yana manne a jikin ƙofar direba, shi za ka nuna wa mai faci, kada ya buga taya da ƙarfe ya ce ta yi. A gefen taya akwai lambobi huɗu: in ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. Tsohuwar taya ko zanenta bai cinye ba, zafin kwaltar bazara na iya fasa ta.

Jan makunnin nan mai kusurwa uku na tsayuwar dole ne. Ba a kunna shi don a ce za a miƙe a mahaɗa, ko don ana ruwa, domin in yana ci na bayanka ba zai gane siginarka ba. In gilashi ya yi raɓa ta ciki, kunna esi ka juya iskar zuwa gilashi, ka bar goge shi da hula kana tafiya. Fitilar shuɗi in ta kama, doguwar fitilarka na cikin idon mai tahowa, kuma motarka ta fi tasa tsayi, sauke masa. A cikin hazo ma gajeriyar ta fi nuna hanya. In barci ya zo, babu goro ko ƙwayar da ke biyan bashinsa, kuma wanda ya haɗiyi tiramadol ya kama sitiyari ya san amanar da ya ci. Nemi wuri mai aminci ka kwanta. Ka kuma ajiye lambar 122 a wayarka, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ce.

Da muka kusa Funtuwa sai yaron nan ya gaya min gaskiyar lamarin. Ya ce ya taɓa faɗa wa maigida wata fitila ta kama, aka ce masa kuɗi yake nema, tun daga nan ya kama bakinsa. Na san da yawanku haka abin yake. To, kada tsoron tsawa ya sa ka ɗauki laifin da ba naka ba. Ranar da fitila ta kama, ka ɗauki hotonta tare da lambar maleji, ka tura masa ta WhatsApp da kalma mai ladabi: "Ranka ya daɗe, ga abin da mota ta nuna yau, ina neman izini in kai ta a duba." In ruwan ɗorawa ce ya ce a jira, ka tuna masa gobe. In ja ce, ka gaya masa inda ka tsaya, ka zare makulli, ka zauna kusa da motar har a turo makaniki.