Ba ɗigo-ɗigon launi ne suka yi Superman ba

Wani yayi ya cika Facebook da Instagram a 'yan kwanakin nan. Mutum zai ɗauki hotonsa ya jefa wa manhajar ƙirƙirarriyar basira, nan take ta dawo masa da shi ya koma jarumin komik (littafin labari cikin zane) irin na da, da alkyabba tana kaɗawa a baya, da ɗigo-ɗigon launi a fuska kamar an yago shi daga mujallar shekarun 1960. Wasan bai dame ni ba. Abin da ya ɓata min rai shi ne maganar da ke biyo baya, wai zamanin masu zane da hannu ya wuce, tunda inji zai fitar da jarumi da bos irin na kamfanonin komik na Marvel da DC ba tare da kowa ya riƙe fensir ba. Masu faɗin haka ba su san abin da suke kallo ba.

Ɗigo-ɗigon nan da ake ta alfahari da su, masu zanen wancan lokaci ba su ne suka yi su ba. Aikin maɗaba'a ne. Ana buga komik a Amurka kan takarda mai araha irin ta jarida, da tawada kala huɗu kacal: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. In ana son launi mai haske, sai a tsinka tawadar zuwa ƙananan ɗigo, dabarar da ake jingina wa wani mai zane Benjamin Day tun 1879. Launukan da ake iya samu ta wannan hanya ba su wuce 64 ba. Wato abin da manhaja ta fi ƙwarewa wajen kwaikwayo shi ne gazawar injin ɗab'i. Gwanintar tana can cikin abin da mutane suka yi da wannan ƙunci.

Da yake launi kaɗan ne, sai suka sa shi ya yi magana. Superman da Spider-Man da Captain America duk ja da shuɗi suka sa, launukan da ke fita tangaram ko a kan mummunar takarda. Miyagu kuwa aka bar musu kore da shunayya, kamar yadda ake gani a jikin Joker da Green Goblin. Yaro bai gama iya karatu ba ya san wanda zai so da wanda zai ƙi. Hulk ma da ruwan toka ya fara fitowa a 1962, maɗaba'a ta kasa fitar da launin iri ɗaya daga shafi zuwa shafi, sai aka mayar da shi kore a fitowa ta biyu. Launin miyagu a jikin wanda ba a tabbatar ko jarumi ba ne ko dodo, kuma ya dace da shi.

Sannan ga hannun kansa. Mai zane Jack Kirby yakan zana naushi har ka ga kamar dunƙulen zai fasa takarda ya same ka. Steve Ditko ya ƙi ba Spider-Man jikin ƙato, ya bar shi siririn saurayi mai lanƙwasassun gaɓoɓi, ya rufe masa fuska ruf, dole motsin jiki ya nuna tsoro da fushi. Kirby ya ɓoye fuskar Doctor Doom a bayan ƙarfe, ya bar mai karatu yana ta saƙa abin da ke ciki. Kowane ɗaya shawara ce da wani mutum ya yanke da dalili. Fitowar farko ta Captain America, mai ɗauke da watan Maris na 1941, ta nuna shi yana naushin Hitler tun Amurka ba ta shiga yaƙin ba, kuma Joe Simon da Kirby da suka ƙirƙire shi, dukkansu Yahudawa, sun sha barazana a kai. Wace manhaja ce za ta ɗauki irin wannan kasada? Ita dai ta iya tsayar da jarumi ya buɗe ƙirji. Komik kuwa labari ne da ake ja daga wannan akwatin zane zuwa wancan, shafi bayan shafi, kuma ido na bin inda mai zane ya so ya bi.

Wasu na cewa injin ya ba wanda bai iya zane ba damar yin nasa. Wanda ya aiki tela ɗinki bai zama tela ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne waɗanda ake tatsa. An cuci waɗannan mutane tun suna raye. Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka ƙirƙiri Superman, sun sayar da shi kan dala 130 a 1938, sai a 1975 aka yanka musu fansho bayan an yi ta kururuwa. A 2024 an sayar da kwafi ɗaya na mujallar da Superman ya fara fitowa a ciki kan dala miliyan 6. Bill Finger ya rasu a 1974, ba a fara rubuta sunansa a matsayin wanda aka ƙirƙiri Batman da shi ba sai 2015. Iyalan Kirby sai a 2014 suka sasanta da Marvel kan haƙƙin mallakar jaruman da ya zana, shekara 20 bayan rasuwarsa. Yanzu kuma ga injuna da aka horar da tarin hotunan intanet suna fitar da salon mutanen nan ba suna, ba sisi, ana kuma tafa musu. Wannan cuta ce a kan cuta, kuma kiran ta ci gaba bai wanke ta ba.

Ofishin kare haƙƙin mallaka na Amurka ya yi daidai a 2023 da ya ce hotunan wani littafin komik da aka haɗa da manhajar Midjourney mai ƙirƙirar hoto ba su cancanci kariya ba, tunda ba mutum ne ya zana su ba. Amma wannan bai isa ba. Dole a tilasta wa kamfanonin su bayyana ayyukan da suka horar da injunansu da su, su kuma biya masu su ko magadansu. Masu buga littattafai su rubuta a bango ƙarara in inji ya sa hannu. Matashin da ke son zana jarumi da bos irin na da kuwa, ya nemi fensir da buroshi da baƙar tawada, ya taƙaita wa kansa launuka, ya zana labari mai shafi huɗu wanda za a gane ko ba a rubuta kalma ɗaya a ciki ba.