Hawaye a majami'a ba su ne shaidar tuba ba

A Maradi wasu kan ɗauka cewa wanda ya karɓi baftisma, ya sauya suna, yana kuma zubar da hawaye lokacin waƙa ranar Lahadi, ya riga ya tuba. Waɗannan ba laifi ba ne, amma ba su isa hujja ba. A Luka 19:8, da Zakka mai karɓar haraji ya sadu da Yesu, alkawarin da ya yi shi ne ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Haka mai sayar da gero zai daina tauye tiya ko babu mai kallo, ya riƙa ƙishin addu'a a ɗakinsa, inda fasto ba ya ganinsa.