SIWES ba hutu ba ne

Ɗalibai da yawa, har da iyayensu, sun ɗauki watannin SIWES, wato shirin tura ɗaliban manyan makarantu koyon aiki a masana'antu, tamkar hutu: a nemo ofishin wani ɗan uwa, a sa masa hannu a littafin rahoto, shi ke nan. Ba haka abin yake ba. Hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu a Najeriya, ita ce ta ɓullo da shirin a 1973, bayan masana'antu sun koka cewa masu digiri na fitowa da ilimin takarda amma hannunsu bai taɓa na'ura ba. Watannin darasi ne mai maki. Akwai mai sa ido daga makaranta, akwai wani a wurin aikin, kuma ɗalibi zai kare rahotonsa idan ya dawo. Ɗalibin injiniya da ya share wata shida yana ɗaukar fayil a sakatariya, kansa ya cuta.